Saiwa ko ƙwaya: abin da ke cikin maganin ƙarfin maza na Indiya

Wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa a arewacin Indiya, daga Delhi ya nausa cikin jihar Uttar Pradesh, ba zai rasa ganin katangun gefen layin dogo ba. An cika su da manyan rubuce-rubuce na fenti, kuma yawancinsu abu ɗaya suke talla: mai magani wane, a gari kaza, yana warkar da gupt rog, wato ciwon ɓoye na maza. Raunin mazakuta, saurin inzali, tsinkewar maniyyi, rashin haihuwa, duk a katanga ɗaya. Tun 1954 ƙasar ta kafa dokar da ta haramta tallar magani da sunan ƙara ƙarfin saduwa, amma masu fentin ba su san da zamanta ba. Mu da muke shan lasifikar masu magani a tashar mota da bakin kasuwa, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Abin da ya sa Indiya ta cancanci a tsaya a kanta shi ne ta haɗa gida biyu. Ita ce mahaifar Ayurveda, tsarin maganin gargajiyar da ke da littattafai da makarantu da ma'aikatar gwamnati tasa, kuma tana cikin manyan masu sarrafa sildenafil a duniya, wato sinadarin da ke cikin Viagra. Dokar ƙasar ta 1970 ba ta ba kamfani haƙƙin mallakar magani shi kansa ba, sai hanyar haɗa shi kawai, kuma a haka aka zauna har 2005. Shi ya sa tun 2001 kamfanonin gida suka fito da nasu, irin su Penegra da Caverta, aka kuma cika kasuwa da Kamagra da Suhagra da Manforce, ita kuwa Pfizer mai asalin maganin sai a ƙarshen 2005 ta shigar da Viagra ƙasar. A kanta ɗaya ta kemis za ka tarar da garin saiwa da ƙwayar kamfani suna kallon juna, mai saye kuma tambayarsa ɗaya ce: wanne ya fi aiki? A ganina tambayar ce ta zo a karkace, domin tun asali ba aiki ɗaya aka yi su su yi ba.

Ayurveda rassa takwas gare ta, kuma reshen da ake kira Vajikarana shi ne mai kula da wannan fanni. Littafin Charaka Samhita, wanda aka harhaɗa kimanin shekara 2,000 da suka wuce, ya ware masa babi na biyu a sashen jiyya, daf da babin magungunan jinkirta tsufa. Wanda ya buɗe babin yana neman abin da zai haɗiya da daddare ya ga aiki kafin a kashe fitila, da takaici zai rufe shi. Yawancin abin da ke ciki girki ne: madara, man shanu, zuma, sukarin rake, wani baƙin wake da suke kira masha, shinkafa 'yar kwana 60, ƙwai, romon zakara da na tsuntsayen daji, sannan a zuba saiwoyi a ciki. Ɗaya littafin, Sushruta Samhita, ya ƙara da 'ya'yan marainan bunsuru soyayyu da man shanu. Babban abin da ake nema kuwa zuri'a ce. Daɗin saduwa yana ciki, amma haihuwar ɗa lafiyayye ita ce a gaba.

Akwai kuma sharuɗɗa. Charaka ya ce sai an fara wanke jiki da magungunan amai da na wankin ciki, domin a cewarsa jikin da ba a tsarkake ba kamar ƙyalle mai dauɗa ne, ba ya kama rini, magana ce da kowane marini zai gyaɗa wa kai. Ya hana ɗan ƙasa da shekara 16 da wanda ya haura 70 kusantar mace. Sannan ya faɗi abin da masu tallar katanga ba sa rubutawa, cewa maganin da ya fi kowanne shi ne mace wadda namijin ke so, take faranta masa, tare da kwanciyar hankali da ƙamshi da wuri mai daɗin zama. Ashe tun a wancan zamani sun lura cewa kaso mai yawa na wannan matsala a zuci yake.

Ginshiƙin tsarin shi ne fahimtarsu cewa abinci yana rikiɗa mataki bakwai a jiki: ruwan abinci, jini, tsoka, kitse, ƙashi, ɓargo, sannan maniyyi a ƙarshe, kuma Sushruta ya ce tafiyar wata guda take ɗauka. Ilimin jiki na yau bai yarda da wannan jeri ba, ba daga ɓargo maniyyi ke fitowa ba. Amma kan batun lokaci ba su yi nisa da gaskiya ba, tun da ƙwayar haihuwar namiji tana ɗaukar kwana 70 da 'yan kai kafin ta kammala a cikin maraina. Duk abin da zai gyara ta, saiwa ce ko allura, sai an ba shi watanni.

Wannan fahimta ta bar baya da ƙura. Idan maniyyi shi ne tataccen abin da jiki ya tara, to asarar ɗigo ɗaya ma abin tsoro ce, har talakawa na cewa ɗigon jini 40 ke ba da ɗigon maniyyi guda. A 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar, N. N. Wig, ya sa wa abin suna ciwon Dhat: saurayi lafiyayye ya ga fari-fari a fitsarinsa ko ya yi mafarki, sai ya tabbata ƙarfinsa na tsiyayewa, daga nan kasala da faɗuwar gaba su biyo, mazakutar ma ta fara ba shi kunya. Abin da ke taimaka wa irin waɗannan shi ne bayani da maganin damuwa. Su ne kuma manyan kwastomomin masu katanga, kamar yadda a nan kusan kowane ƙorafin namiji ake jibga wa sanyi ko basir.

Ita kuwa ƙwayar kamfani, ba wannan aiki aka nufa da ita ba. A 1989 masana a ɗakin binciken Pfizer da ke garin Sandwich a Ingila suka haɗa sildenafil suna neman maganin ciwon ƙirji na masu ciwon zuciya. A can bai taɓuka abin kirki ba, sai dai mazan da aka gwada shi a kansu suka riƙa ba da rahoton wani abu dabam. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ranar 27 ga Maris 1998. A shekarar ce kuma aka ba Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel saboda gano aikin naitirik oksaid a hanyoyin jini, wanda shi ne mabuɗin fahimtar maganin.

Ga yadda abin yake. Idan sha'awa ta motsa, jijiyoyin saƙo suna sakin naitirik oksaid a cikin gaba. Shi ke sa a samar da wani sinadari mai suna cGMP, wanda ke sassauta tsokar da ke kewaye da hanyoyin jini, jini ya kwararo ya cika, hanyoyin komawarsa kuma su matse. Akwai wani sinadarin, PDE5, da aikinsa shi ne rushe cGMP domin komai ya koma yadda yake. Sildenafil wannan PDE5 ɗin yake tarewa, shi ke nan aikinsa. Ba ya haifar da sha'awa, ba ya ƙara maniyyi, ba ya sa haihuwa, kuma idan sha'awar ba ta motsa ba babu abin da zai yi. Yana fara aiki cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, ya yi kamar awa huɗu ya wuce. Tadalafil da ya biyo baya, wanda aka fi sani da Cialis, kan kai awa 36.

A gwaje-gwajen da aka yi kafin a amince da shi, kashi 82 cikin 100 na waɗanda suka sha miligiram 100 sun ce sun ga sauyi, kashi 63 a miligiram 25. Sai dai akwai wani adadi da na fi so a riƙe. An ba wasu mazan holoƙon ƙwaya, wadda babu magani a cikinta, ba tare da sun sani ba, kuma kashi 24 daga cikinsu su ma sun ce abin ya gyaru. Ke nan kusan mutum ɗaya cikin huɗu zai iya rantse maka da gaskiyarsa cewa ƙwayar banza ta yi masa aiki. Ba ƙarya yake yi ba, tsoron da ya ɗaure shi ne ya sake shi. Duk lokacin da aboki ya ce maka wallahi ya gwada garin nan ya ga aiki, ka tuna da wannan kashi 24. Saiwar da ke son a yarda da ita sai ta nuna ta wuce shi.

Illolin ƙwayar sanannu ne, an ƙirga su an rubuta a takardar cikin kwali: ciwon kai, jan fuska, ƙwannafi, toshewar hanci, wani lokaci ganin abubuwa da shuɗi-shuɗi. Waɗanda ba kasafai suke faruwa ba sun haɗa da raunin gani ko ji farat ɗaya, da miƙewar da ta ƙi sauka fiye da awa huɗu, wadda ke iya kashe mazakuta gaba ɗaya idan ba a garzaya asibiti ba. Masu sikila sun fi kowa shiga wannan haɗari, kuma babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu sikila. Mafi muni shi ne haɗa ta da magungunan zuciya irin su nitroglycerin da isosorbide, domin jini na iya faɗuwa ƙasa warwas. Ba ina wanke kamfanonin magani ba ne. Mutanen Kano ba sa bukatar a tuna musu da gwajin maganin Trovan da Pfizer ta yi a 1996. Amma a kan wannan ƙwaya dai an san abin da ke cikinta, an san nauyinsa, an san wanda bai kamata ya sha ba.

To saiwoyin fa, me gwaji ya nuna? Wadda aka fi bincika ita ce ashwagandha, da ake nomawa sosai a yankin Neemuch da Mandsaur na jihar Madhya Pradesh. A 2011 masu bincike a jami'ar Ayurveda ta Jamnagar a jihar Gujarat suka gwada ta kan maza 86 masu raunin mazakuta wanda tushensa damuwa ce. Bayan kwana 60, waɗanda suka sha saiwar ba su fi waɗanda suka sha holoƙo ba. Ya kamata a yaba musu, domin malaman Ayurveda ne da kansu suka buga sakamakon da bai yi wa saiwarsu daɗi ba. A fannin haihuwa kuwa labarin ya ɗan bambanta. Wani gwaji na 2013 kan maza 46 masu ƙarancin ƙwayoyin haihuwa ya nuna cewa bayan kwana 90 adadin ya tashi daga kusan miliyan 10 zuwa sama da miliyan 25 a kowace mililita ga waɗanda suka sha. Akwai kuma gwaje-gwaje da dama da suka nuna tana rage damuwa, tana gyara barci. Matsalarsu ita ce ƙanana ne, gajeru ne, kuma sau da yawa kamfanin da ke sayar da saiwar ne ke ba da kayan gwajin ko kuɗinsa. Maza 46 sun isa a ce akwai abin bincika, ba su isa a ce an gama magana ba.

Kapikacchu, waken nan mai ƙaiƙayi da muke kira karara, ta fi ba ni sha'awa, domin an san sinadarin da ke aiki a cikinta. 'Ya'yanta na ɗauke da levodopa, ainihin maganin da asibiti ke ba masu ciwon karkarwa na Parkinson, wanda jiki ke juyawa zuwa dopamin, shi kuma dopamin yana da hannu a sha'awa. Masu bincike a Lucknow sun ba maza marasa haihuwa giram 5 na garinta kullum tsawon wata uku, suka ba da rahoton gyaruwar maniyyi, sai dai ba su kwatanta da masu shan holoƙo ba. Kuma abin da ke ɗauke da levodopa ba shayi ba ne, yana iya kawo tashin zuciya da ruɗewa, yana kuma karo da magungunan taɓin hankali.

Gokshura ba wani abu ba ne illa tsidau, ƙayar nan da ke sukar ƙafa a fili. An cika shagunan masu motsa jiki da shi da sunan yana ƙara testosteron, sinadarin namiji, amma gwajin da aka yi a Bulgeriya a 2005 kan samari bai ga ƙari ba, na Barazil a 2014 kan maza 30 masu rauni ma bai ga ya fi holoƙo ba. Wani na 2017 kan maza 180 ya ga gyara, da ƙwayar wani kamfanin Bulgeriya. Safed musli kuwa, an tone ta a daji har ta shiga jerin tsirran da ke gab da ƙarewa, alhali mafi yawan shaidar da ake kafawa da ita daga ɓeraye ta fito. Shilajit, baƙin danƙon da ke tsatsowa daga duwatsun Himalaya, wani gwajin 2016 ya nuna ya ɗaga testosteron da kusan kashi 20 a maza 'yan shekara 45 zuwa 55 cikin kwana 90. Tashin lamba a takardar gwajin jini dabam, abin da ke faruwa a ɗaki dabam.

Idan aka tara wannan duka, babu saiwar Ayurveda ko ɗaya da ta nuna tana kusantar sildenafil wajen miƙewar gaba. Inda suke da ɗan abin nunawa shi ne ingancin maniyyi da rage damuwa, a hankali, cikin wata biyu zuwa uku, wato daidai wurin da littattafansu suka ajiye su, wurin da sildenafil ba shi da abin cewa. Kasuwa ce ta ɗauko alkawarin ƙwaya ta liƙa wa kwalbar saiwa.

Maganar cewa wannan na Allah ne wancan kemikal ne ma ba ta tsayawa. Papaverine, wanda likita Ronald Virag ya fara yi wa maza allurarsa a Faris a 1982, daga tsiron ofiyom yake. Yohimbine daga ɓawon wata bishiyar dazukan Kamaru ake samunsa. Reserpine, tsohon maganin hawan jini da aka tace a 1952, daga saiwar sarpagandha ta Indiya ya fito, kuma cikin illolinsa har da kashe mazakuta. Tsiron da ke da ƙarfin gyara yana da ƙarfin ɓatawa. Ita kanta ashwagandha, likitoci a Aisland da Amurka sun ba da rahoto a 2020 kan mutum biyar da hantarsu ta taɓu har suka yi shawara bayan shan ta, kuma Denmak ta hana sayar da ita a 2023, matakin da ma'aikatar maganin gargajiya ta Indiya, wato AYUSH, ta ƙi amincewa da hujjarsa.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi. Wani reshe na harhaɗa magani, rasa shastra, da gangan yake zuba ƙarafa. Makaradhwaja, sanannen maganin ƙarin kuzari, da zaiba da farar wuta da zinariya ake yin sa, masu yi kuma suna cewa ƙonawa da tacewa na kashe dafin. A 2004 Robert Saper da abokan aikinsa suka sayi magungunan Ayurveda 70 a shagunan Boston suka auna, 14 na ɗauke da dalma ko zaiba ko arsenik. A 2008 suka sake aunawa da guda 193 da aka saya ta intanet, aka sami kusan ɗaya cikin biyar, a na rasa shastra kuwa kusan kashi 40. Mutanen Zamfara sun san aikin dalma tun 2010. Abin takaicin shi ne dalma na cikin abubuwan da ke lalata ƙwayoyin haihuwar namiji, wato abin da aka je gyarawa. Sai kuma Kamini Vidrawan Ras, ƙananan ƙwayoyi da ke ɗauke da ofiyom. A 2022 likitoci a Birisben ta Ostireliya suka ba da rahoton mutum 12 da suka kamu da jarabarsa har sai da aka sa su a shirin raba su da ƙwaya. Ofiyom na jinkirta inzali da farko, daga baya ya dusashe sha'awar ɗungurungum, irin ramin da masu shan tramadol don daɗewa ke faɗawa a nan.

Mata kuwa kowane ɓangare ya bar su a baya. Ayurveda na ba su shatavari, gwajinta kaɗan ne. Pfizer ta daina gwada sildenafil a kansu a 2004 saboda bai motsa sha'awa ba, flibanserin da aka amince da shi a Amurka a 2015 kuma ɗan abin da yake ƙarawa bai taka kara ya karya ba.

Ta yaya irin waɗannan kaya ke isa kanta? A dokar magunguna ta Indiya ta 1940, idan haɗin yana cikin tsofaffin littattafan da doka ta lissafa, hukumar jiha na ba da lasisi ba tare da an nemi gwaji kan mutane ba. Tsufan littafin shi ne shaidar. Talla kuma sai wadda ta yi yawa ake tsawatarwa, kamar a 2024 da Kotun Ƙolin ƙasar ta sa shugabannin kamfanin magungunan Ayurveda na Patanjali, Ramdev da Balkrishna, suka nemi afuwa a jaridu kan tallace-tallacen da ke yaudarar jama'a. A Najeriya ma lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya, mai harafin L a ƙarshe, ba ta nufin an tabbatar yana warkarwa. Ka duba jikin kwalbar, za ka ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai maganin ba.

Daga nan sai lauje cikin naɗi. Mai sayar da gari ya san kwastoma ba zai jira wata uku ba, sildenafil kuma ya yi arha, sai ya niƙa ya zuba. Daga 2007 zuwa 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta gano kayan ƙarin lafiya 776 da aka ɓoye magungunan asibiti a cikinsu, kusan rabinsu na ƙarfin maza ne. A yi wa Indiya adalci, wani bincike na 2010 a cibiyar binciken magunguna ta NIPER da ke Mohali ya auna irin waɗannan magunguna 85 na kasuwar ƙasar, ɗaya kacal aka samu da sildenafil. Haɗarin ya fi yawa a kayan da ba su da sunan kamfani na gaskiya, masu yawo a intanet da jakar 'yan talla. Kuma ba kullum sildenafil kaɗai ake zubawa ba. A Singafo a 2008 an kwantar da mutum 150 da ba su da ciwon suga, sugansu ya faɗi ƙasa bayan shan magungunan ƙarfin maza na bayan fage da aka gauraya da glibenclamide, maganin masu ciwon suga. Bakwai suka daɗe a sume, huɗu suka mutu. Garin da aka ce na itace ne zalla amma ya yi aiki cikin rabin awa, ya kuma bar ka da ciwon kai da jan ido da toshewar hanci, ya riga ya faɗa maka abin da ke cikinsa.

Saura abin da mai kemis da mai katanga duk ba sa tambaya: me ya kawo raunin? Hanyoyin jinin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, don haka su ke fara toshewa. A mutumin da ya haura 40, raunin mazakuta kan riga ciwon zuciya bayyana da shekara biyu zuwa biyar, kuma sau da yawa shi ne alamar farko ta ciwon suga, wanda binciken ƙasa na 2023 ya ƙiyasta yana jikin mutum miliyan 101 a Indiya. A nan Charaka da ya ce a fara duba jikin gaba ɗaya ya fi kusa da likitan kirki na yau, mai auna suga da hawan jini da kitsen jini, ya tambayi taba da magungunan da ake sha, fiye da wanda ke miƙo ƙwaya ta taga.

Wannan ne kuma ya sa gaurayen ɓoye ya fi komai haɗari, domin mai raunin shi ne mai yiwuwar ciwon zuciya. Dattijo ya zo ɗakin gaggawa da dare dafe da ƙirji. Kafin a sa masa nitroglycerin a ƙarƙashin harshe, likita zai tambaye shi: Baba, ka sha maganin ƙarfin maza jiya ko yau? Wanda ya sha ƙwayar kemis, ko da kunya, yana iya cewa e, a canza masa magani. Wanda ya sha garin da aka gauraya zai ce a'a, ɗana, na gargajiya ne kawai, kuma iyakar saninsa gaskiya ya faɗa.